Daga ina ciki ya fara, a ina ya tsaya?

Tambayar da aka aiko biyu ce a haɗe. Mai tambayar ya ce ƙaninsa ya faɗi a babur ya bugu a haƙarƙarin hagu, kowa a gida yana cewa buguwar ƙirji ce, sai ga likita ya ce ciki za a buɗe, aka shiga da shi tiyata aka cire masa saifa. Yana so ya san yadda aka yi ciwon haƙarƙari ya koma aikin ciki. Ya kuma ƙara da cewa a littafin kimiyyar ɗansa na sakandare an zana fara, an nuna dogon bayanta an ce nan ne cikinta, shin abu guda ake nufi da na mutum?

Malam, Allah ya ƙara wa ƙaninka sauƙi. Likitan nan bai yi kuskure ba, kuma da ya biye wa abin da ido ya gani, da wataƙila yanzu wani zancen ake yi.

A wurin masu ilimin sassan jiki, ciki ba gaɓa ba ce irin hanta ko tumbi. Wuri ne mai rufi da bango da ƙasa, wanda gaɓoɓi da yawa suke zaune a cikinsa. Rufin nasa wata faffaɗar tsoka ce da ta raba shi da ƙirji, wadda da ita muke jan numfashi, kuma ita ce ke zabura idan shaƙuwa ta kama mutum. Mu kira ta shamaki. Inda mutane suke ruɗewa shi ne suna ɗauka shamakin nan a shimfiɗe yake daidai inda haƙarƙari ya ƙare. A'a, kifaffiyar ƙwarya ce. Bakinta ne yake manne da ƙarshen haƙarƙari, amma ƙoƙon ya cusa sama cikin kejin ƙirji, har idan mutum ya fitar da numfashi yana kaiwa kusan saitin kan nonon namiji, wajen haƙarƙari na biyar. Duk abin da ke ƙarƙashin ƙwaryar nan ciki ne, ko da kuwa daga waje haƙarƙari ne ya rufe shi.

Me ke ƙarƙashin nata? A dama hanta ce, mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi a baligi, kuma mafi yawanta a ɓoye take bayan haƙarƙari. A hagu akwai saman tumbi, sai saifa can baya, kwance a ƙarƙashin haƙarƙari na 9 da na 10 da na 11. Saifa nama ce mai taushi cike da jini, fatarta ba kauri. Idan waɗannan haƙarƙarin suka daku ko suka karye, ita ce ta farko da ke fashewa, sai jini ya riƙa tsiyaya a ciki ba wanda ya gani. Mutum na iya tashi daga wurin haɗari ya karkaɗe rigarsa ya ce ba komai, bayan sa'o'i kaɗan a ga ya yi fari, gumi mai sanyi na keto masa, zuciya na bugawa da sauri, jiri na ɗibarsa in ya miƙe. A ƙasashenmu ma abin ya fi sauƙin faruwa, domin yawan zazzaɓin cizon sauro yana kumbura saifar wasu har ta leƙo ƙasan haƙarƙari, ta rasa ɗan kariyar da take da ita. Shi ya sa ƙa'idarmu a ɗakin gaggawa ita ce duk sara ko suka ko harbi ko tunkuyin sa da ya sami mutum daga kan nono zuwa ƙasa, raunin ciki ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Tun da an cire saifar, ga abin da ya kamata gidanku su riƙe. Mutum yana rayuwa lafiya lau ba ita, amma ita ce matatar da ke kama wasu ƙwayoyin cuta daga jini. Saboda haka zazzaɓi a jikin ƙaninka daga yau ba na a sha farasitamol a kwanta ba ne, na a tafi asibiti ne a ranar. Ya riƙa kwana a gidan sauro, ku tambayi likitansa allurar rigakafin nimoniya da ta sanƙarau, kuma duk asibitin da ya je ya faɗa musu ba shi da saifa tun kafin su tambaya.

Ta ƙasa kuwa, ciki ba shi da bango na gaske. Masana sun ja layi ne a bakin ƙashin ƙugu, suka ce daga nan zuwa ƙasa kwarin ƙugu ne, inda mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji suke. Amma ƙofar a buɗe take, hanji na zubowa ƙasa, na ƙasa kuma na hawowa sama. Mafitsara in ta cika takan taso har a taɓa ta a mara, a jariri ma zamanta na sama ne tun asali don ƙugunsa bai yi zurfi ba. Mahaifa ita ce babbar shaida. A sati na 12 na juna biyu take fara leƙowa saman ƙashin mara, a sati na 20 ta kai cibiya, wajen sati na 36 ta kai ƙahon zuci tana tura shamaki sama, shi ne ka ga mai tsohon ciki tana haki ko ba ta yi aikin komai ba. Ungozomar asibiti da ke ɗora tef a kan cikin mace ranar awo, wannan hawan take bi.

Bangon gaba shi ne abin mamaki, don ba ƙashi a cikinsa ko ɗaya. Ƙwaƙwalwa na da ƙoƙon kai, zuciya da huhu na da haƙarƙari, amma hanji tsoka kawai aka ba shi: shimfiɗa uku a kowane kwiɓi, zarensu na gicciye da juna, sai dogaye biyu a gaba daga ƙahon zuci zuwa mara. Da ƙashi ne da ba a ci a ƙoshi ba, ba a sunkuya ba, ba a ɗauki ciki ba. Tsakanin dogayen biyun akwai wani farin layi na jijiya mara jini sosai, kuma nan likitan fiɗa yake bi idan yana sauri. Ina kyautata zaton ɗinkin ƙaninka a tsaye yake a tsakiya, ya ɗan kauce wa cibiya. Bangon yana da wurare masu rauni, musamman cibiya da matsematsi. Na matsematsin yana da tarihi: 'ya'yan maraina a cikin ciki ake halittarsu kusa da ƙoda, sai su gangaro ta wata 'yar hanya kafin haihuwa. Hanyar nan ce hanji yake bi daga baya ya zama ƙaba. Kuma saboda jijiyoyinsu daga can sama suka biyo su, yaron da marainansa suka murɗe yakan zo yana kukan ciwon mara da amai, kunya ta hana shi faɗin ainihin wurin. Likitan da bai sa an sauke wando ba, sai ya ba da maganin tsutsa, alhali sa'o'i shida ne kawai ake da su kafin ɗan marainan ya mutu.

Yanzu ga abin da na fi so ka fahimta, domin shi ne zai yi maka amfani ko ba haɗari. Ciki a lulluɓe yake da wani siririn tantani mai santsi, shimfiɗa ɗaya ta bi bango, ɗaya ta naɗe gaɓoɓin. Jijiyoyin jin zafi na shimfiɗun nan biyu ba iri ɗaya ba ne. Na jikin hanji ba su iya nuna wuri. Ana iya yanka hanji ma ba su ji ba, abin da suke ji shi ne kumbura da murɗawa, kuma in sun ji sai su kai rahoto a dunƙule zuwa tsakiyar ciki. Abin da ya taso daga tumbi, hanta, matsarmama ko fankiriyas (wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi), a saman ciki wajen ƙahon zuci ake jin sa. Na ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita shida, da na farkon babban hanji, a zagayen cibiya. Na ƙarshen babban hanji, a mara. Jijiyoyin bango kuwa irin na fata ne, suna nuna wuri da yatsa ɗaya.

Ciwon afendis shi ne misalin da kowane ɗalibi ke fara koya. Yakan fara ne da wani ciwo mara kan gado a cibiya, mutum ya rasa sha'awar abinci, tashin zuciya ya biyo. Bayan wasu sa'o'i, idan kumburin ya kai ga taɓa bango, sai ciwon ya tattara ya koma ƙasan ciki ta dama ya tsaya cak, tari ko ramin hanya a mota ya zama azaba. Wani likitan fiɗa na birnin New York, Charles McBurney, shi ya bayyana wurin a 1889, kuma har yau da sunansa ake kiran sa: ka ja layi daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya, ka raba uku, kashi na farko daga ƙashin. Idan majiyyaci ya ce min "da a cibiya yake, yanzu ya dawo nan", ya yi min rabin aiki kafin in taɓa shi.

Idan kuma hanji ya huje, abin da ke cikinsa ya zube a kan tantanin, to duk bangon ne yake ɗaurewa ya yi tauri, mutum ya kwanta shiru ba ya son ko motsi. Wannan muna ganin sa da yawa a Arewa wurin yaran da taifot ya yi sati biyu zuwa uku a jikinsu, ƙarshen ƙaramin hanji ya ɓule. Mai tsakuwar ƙoda akasin haka yake, birgima yake yi ya rasa inda zai sa kansa, ciwon na tasowa daga kwiɓi yana gangarawa matsematsi. Ƙodojin ma ai ba cikin jakar tantanin suke ba, a bayanta suke manne da bangon baya, shi ya sa ciwonsu yake fitowa ta baya.

Akwai kuma masu yaudara, kuma duk laifin shamakin nan ne. Jijiyar da ke kula da shi daga wuya ta sauko, daga mahaɗa ɗaya da jijiyar fatar kafaɗa. Jini in ya taru ƙarƙashinsa, sai mutum ya ji ciwo a kan kafaɗa. Ka tambayi ƙaninka ko kafaɗarsa ta hagu ta yi masa ciwo ran nan, ba mamaki ya ce e. Macen da ta yi ɓatan wata, ta zo da ciwon mara da jiri da ciwon kafaɗa, cikin bayan mahaifa ne ya fashe har sai an ga ba haka ba, kuma wannan ba ya jiran gari ya waye. Ta ɗaya ɓangaren, na sama ma yana aiko da ciwonsa ƙasa. Nimoniyar gindin huhu takan zo wa yaro da ciwon ciki. Bugun zuciya, musamman ga dattijo ko mai ciwon suga, yakan zo da zafi a ƙahon zuci da gumi da amai, a yi ta ɗura masa farin maganin olsa.

A nan zan ɗan yi ƙorafi. Olsa ta zama kwandon da muke zuba duk ciwon da ke tsakanin nono da cibiya. Mutum zai shekara biyar yana cewa "olsata ce ta tashi", ba a taɓa leƙa tumbinsa ba, wataƙila tsakuwar matsarmama ce, wataƙila hanta ce, tun da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinmu. Olsar gaske ma ba yunwa ce tushenta ba kamar yadda aka ɗauka. Mafi yawanta wata ƙwayar cuta ce da likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano, har aka ba su kyautar Nobel a 2005, kuma ana kashe ta da magani na mako biyu. Mafi yawan saura kuma daga magungunan ciwon jiki ne irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ke cikin haɗin da ake ƙulla wa leburori da 'yan acaɓa a kemis da yamma.

Don haka ne muke raba ciki gida huɗu da layi biyu da suka gicciye a cibiya, ko gida tara idan ana son ƙarin daidaito. In ka je gaban likita, "cikina ke ciwo" bai ishe shi ba. Nuna da hannu. Faɗi inda ya fara da inda yake yanzu, ko murɗa yake yana saki ko a tsaye yake, ko abinci na tayar da shi, yaushe rabonka da bayan gida da tusa. Wannan na ƙarshen mutane na jin nauyinsa, amma ciki a kumbure, ga amai, ba bayan gida ba tusa, toshewar hanji ke nan.

Mu koma ga dabbobi. Duk mai shayarwa, daga ɓera zuwa raƙumi, tsarinsa irin namu ne: shamaki a tsakiya, ƙirji a gaba, ciki a baya. Duk wanda ya tsaya kan ragon layya ana fiɗa ya ga wannan da idonsa. In an tsaga ciki tumbi da hanji suka zubo, akwai wata jar tsoka mai farin tsakiya da sai an yanke ta kafin a kai ga huhu da zuciya. Ita ce. Bambancin yana ga abin da aka zuba a wurin. Saniya da tunkiya da akuya tumbinsu gida huɗu ne. Na farko, babban, shi kaɗai ya cinye kusan duk gefen hagu, a babbar saniya yana ɗaukar fiye da lita ɗari. Ba narkar da ciyawa yake yi da kansa ba, ƙananan halittu ne a ciki suke ruɓar da ita, dabbar ta dawo da ita baki ta yi tuƙa, iskar da ke tasowa kuma ta fita da gyatsa. Idan iskar ta kasa fita, misali dabba ta afka wa ɗanyen harawa ko ta yi wa dusa da hatsi cin tsiya, ramin kwiɓin hagu ne yake cikowa ya yi tsiri, kuma nan likitan dabbobi yake huda ya sako iskar. Makiyayi ya san gefen da zai duba ko bai taɓa shiga aji ba.

Gida na biyu, mai zanen saƙar zuma, yana jingine da shamaki, zuciya na ɗaya gefen, tazarar 'yan yatsu. Saniya ba ta tantance abin da take haɗiya, ƙusa ko guntun waya in ya shiga nan yake faɗawa, wata rana ya huda ya ratsa shamakin ya soki jakar zuciya. Ka ga ita ma iyakar ciki da ƙirjinta ba ta hana ɗaya ya shafi ɗaya ba. Dabbobin cikin gari kuwa leda ce annobarsu. Mahauta a kwata sun saba ciro ta a dunƙule daga tumbin akuyar da ta rame ga ciki tirtsitsi. Gida na uku mai shafi-shafi ruwa yake tsotsewa, na huɗun ne kawai yake aiki irin na tumbinmu. Raƙumi yana tuƙa amma gidajensa uku ne. Doki da jaki tumbinsu ɗaya ne ƙarami, ruɓar da ciyawar a babban hanji suke yi, ba su da matsarmama, kuma doki ba ya iya amai, shi ya sa ciwon ciki yake kashe shi da wuri.

Daga kaza abin ya fara canzawa. Tsuntsu ba shi da shamaki irin namu, don haka babu bangon da ya raba ƙirji da ciki. Wadda ta saba gyaran kaza ta san da hannu ɗaya ake zaro zuciya da hanta da ƙundu da hanji, huhun ne kawai yake manne da haƙarƙari sai an ƙwaƙulo. Numfashinta da wasu jakunkunan iska take yi, waɗanda suka bazu har cikin ciki, tana motsa ƙashin ƙirji. Yaro in ya matse ɗan tsako a hannu yana wasa, numfashin yake hana shi. Mafitsara ma ba ta da ita, farin da ke kan kashinta shi ne fitsarin.

Sai farar ɗanka. A ƙwari ma'anar ta bar zancen rami a cikin jiki, ta koma sashe na jiki da ake gani daga waje. Jikin ƙwaro kashi uku ne: kai, ƙirji, ciki. Ƙa'idar ganewa mai sauƙi ce, inda ƙafafu shida da fukafukai suka fito nan ne ƙirji, duk abin da ke bayansa ciki ne. In an sayo soyayyar fara, ɗan ya ɗauki ɗaya ya duba kafin ya ci: dogon bayan nan mai gaɓa-gaɓa shi ne. Hanji da kayan haihuwa suna ciki kamar namu, amma akwai abubuwan da mu a ƙirji ko a kai muke da su. Zuciyar fara wani siririn bututu ne da ya bi ta gadon bayan cikin. Numfashi ta wasu ƙananan ƙofofi take yi a gefe da gefe, shi ne ka ga cikin yana bugawa in ta sauka. Kunnenta ma a nan yake, wani ɗan faifai a gaɓar farko, ƙarƙashin fiffike, saman babbar ƙafar tsalle. Kudan zuma a ciki yake ɗauke da jakar ruwan fure, daga nan yake fitar da kaki, harbinsa kuma a ƙarshensa yake. Sarauniyar gara da ake tonowa a suri kusan duk jikinta ciki ne da ya kumbura da ƙwai, kai da ƙirjin 'yan mitsi-mitsi a gaba.

Gizo-gizo ba ƙwaro ba ne a lissafin masana, ƙafafunsa takwas, jikinsa kashi biyu, kai da ƙirji a haɗe, sai ƙullin baya wanda shi ne ciki, daga ƙarshensa zaren yake fita. Kunama danginsa ce, kuma abin da muke kira jelarta ba jela ba ce irin ta kare ko saniya. Ci gaban ciki ne da ya sirance zuwa gaɓa biyar, hanji na bi ta cikinsa, duburarta na can ƙarshen gaɓa ta biyar dab da ƙarin da take harbi da shi. Kaguwa ta naɗe nata cikin ta manna a ƙarƙashin ƙirji, sai ka kifar da ita za ka gan shi, siriri a namiji, faffaɗa a mace don riƙe ƙwai.

Idan malamin ɗanka mai son gwada ɗalibai ne, zanzaro zai kawo musu. Kowa zai nuna siririn ƙugun nan ya ce nan ƙirji ya ƙare ciki ya fara. A zanzaro da rina da tururuwa gaɓar farko ta ciki ta riga ta manne da ƙirji, don haka tsukewar tana tsakanin gaɓa ta ɗaya da ta biyu ne na cikin kansa. A jarrabawar sakandare dai amsar da ake nema ita ce kai, ƙirji, ciki, ya rubuta hakan ya karɓi makinsa.